Kafin Ka Kai Ƙara, Ƙidaya Masu Hannu A Cikin Maganar

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a filinmu na shari'a na wannan mako. Mun rubuta shi domin waɗanda shirin ya wuce su suna daji ko suna kan hanya.

Jama'a masu saurare, na wannan gefen iyaka da na wancan gefen, barkanmu da warhaka. Ina gaida iyayenmu sarakuna, ina gaida ardo da rugga, da makiyayan da ke mashekari da waɗanda suka yi kudu neman ciyawa. Ina gaida Alhazai da Hajiyoyi ƴan kasuwa, da dillalai, da masu masauki, da direbobin da ke jin mu a tasha suna jiran lodi. Allah Ya ba kowa sa'ar abin da ya fita nema.

Maganarmu ta yau a kan shari'ar neman haƙƙi ce, wato ta bashi, ciniki, ɓarnar gona, gado da makamantansu, ba shari'ar laifi ba wadda hukuma ke gurfanar da mutum. Tambayar kuwa ɗaya ce: idan magana ta kai gaban alƙali, su wa da wa ya kamata a kira su tsaya a cikinta? Mutane da yawa sun yi asarar dukiya alhali gaskiyar tasu ce, don kawai sun bar wani mutum guda a waje.

Misalin sa guda

Bari in fara da misali. Wani ɗan kasuwa a yankin Maraɗi ya sayi san huɗa a hannun abokin hulɗarsa, jika 400, a gida, ba a kasuwa ba. Bayan wata biyu sai ga wani makiyayi ya ga san, ya ce nasa ne, sace masa aka yi. Ya nuna shaidar da ke kunnen san, ya kawo mutane biyu da suka san dabbar tun tana maraƙi. Aka je kotu. Ɗan kasuwan ya ji nauyin jawo abokinsa cikin rigima, ya ce ai shi kaɗai zai iya. Alƙali ya saurari shaidu, ya ba makiyayi sansa. Ɗan kasuwa bai ɗaukaka ƙara ba, ya ce ba komai, zai koma wa wanda ya sayar masa ya amshi kuɗinsa.

Da ya koma, sai abokin ya shiga ɗaka ya ɗauko tikitin kasuwa. Ashe shi ma sayen san ya yi a kasuwar dabbobi, a bainar jama'a, shekara huɗu da suka wuce. Ya ce: "Alhaji, da ka kira ni kotu, da wannan takardar kaɗai ta kashe maganar. Kai ka zaɓi ka tafi kai kaɗai."

To, doka tana bayan abokin. Kundin dokar Kod Sibil da ake aiki da shi a Nijar, a aya ta 2279, ya ba wanda aka sace wa abu ko ya ɓace masa shekara 3 ya nemi abinsa a hannun duk wanda ya same shi da shi, in dai mai riƙe da abin ya saya ne da zuciya ɗaya. Aya ta 2280 ta ƙara da cewa idan a kasuwa aka sayi abin, mai shi na asali ba zai amshe shi ba sai ya mayar wa mai sayen kuɗin da ya biya. Sannan aya ta 1640 ta ce mai sayen da ya bari aka yanke masa hukunci na ƙarshe bai kira wanda ya sayar masa ba, ya rasa damar komawa kansa, muddin mai sayarwar ya nuna cewa akwai hujjar da za ta iya kore ƙarar da an kira shi. Kun ji yadda Alhaji ya rasa sa, ya rasa jika 400, kuma zumuncin da yake tattali shi ma bai tsira ba.

Hukunci ba ya hawa kan wanda ba a kira ba

Tushen maganar nan guda ne, kuma duk inda ka je a ƙasashen nan namu za ka tarar da shi. Alƙali ba ya yanke wa mutum hukunci sai ya kira shi ya ji ta bakinsa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A Nijeriya, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke magana a kan haƙƙinsa. A Nijar, aya ta 1351 ta Kod Sibil ta nuna cewa ƙarfin hukunci yana tsayawa ne tsakanin mutanen da suka yi shari'ar, a kan abin da suka yi shari'ar. A kotun Musulunci kuwa, alƙalin da ke bin mazhabar Malikiyya ba ya rufe shari'a sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Ko wanda ba ya nan, idan larura ta sa aka yi hukunci a bayansa, malamai sun ce ana ajiye masa hujjarsa har ranar da ya dawo.

Wannan ƙa'ida tana kare ka idan wasu suka je suka yi shari'a a kan dukiyarka ba ka sani ba. Amma kuma ita ce za ta juyo kanka idan kai ne mai ƙara. Takardar hukuncin da ka sha wahala ka samu ba za ta taɓa wanda ba ka kira ba. Ka ci shari'a a kan yaron mota, mai motar yana gida yana shan shayi, ba abin da ya shafe shi. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

A nan ne ya kamata mu bambance abu biyu da mutane ke haɗawa: shaida da abokin shari'a. Shaida yana zuwa ne ya faɗi abin da ya gani ko ya ji, ya kama gabansa. Ba a ba shi komai, ba a ɗora masa komai. Abokin shari'a kuwa sunansa yana kan takardar ƙara, an kai masa sammaci a matsayin mai ƙara ko wanda ake ƙara, yana da ikon kawo hujja da yi wa shaidu tambaya da ɗaukaka ƙara, kuma hukunci yana ɗaure shi. Sau da yawa za ka ji mutum ya ce, "Ai ya zo kotun, a gabansa aka yi komai." Zuwa kallo ko zuwa ba da shaida bai mai da mutum abokin shari'a ba.

Mutane iri uku

A shekarar 1987 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke wata shari'a da lauyoyi ke kira Green da Green, rikicin sarautar wani gida ne a garin Bonny na jihar Ribas. Mai shari'a Chukwudifu Oputa ya kasa masu shiga ƙara kashi uku, kuma har yau da wannan rabon kotunan Nijeriya ke aiki. Na farko, wanda ya dace a sa shi saboda wani dalili mai kyau, ko da ba shi da rabo a abin da ake nema. Na biyu, wanda ake so a sa shi domin yana da ruwa a maganar ko sakamakon zai iya shafarsa. Na uku, wanda dole ne a sa shi, domin in ba ya nan ba yadda za a yi a warware maganar da adalci har ƙarshenta.

Ga awon da za ka yi da kanka tun kana ƙarƙashin bishiya: in alƙali ya ba ni abin da nake nema, daga hannun wa zai fito? Dukiyar wa za ta ragu? Akwai wani da zai iya tasowa gobe ya ce abin nan nasa ne, a sake sabon lale? Duk sunan da ya faɗo maka a amsar waɗannan tambayoyi, ka faɗa wa magatakardan kotu ko lauyanka tun ranar farko.

Ku sani kuma, a ƙa'idar manyan kotunan Nijeriya, mantuwa da sunan wani ba ta kashe ƙara kai tsaye. Alƙali yana iya ba da umarni a ƙara sunan wanda ya wajaba, ko a cire na wanda aka sa ba dalili. A Nijar ma dokar tsarin shari'ar haƙƙi ta 2015 ta buɗe ƙofa biyu: mutum ya shigo da kansa cikin shari'ar da ta shafe shi, ko ɗaya daga masu shari'ar ya jawo shi ciki da sammaci. Amma gyaran yana da sauƙi ne tun shari'a tana ɗanya. In an kai ga ɗaukaka ƙara, ƙofar ta ƙuntata ƙwarai.

Garke ɗaya, masu shi goma

Ƴan'uwa makiyaya, ku kun fi kowa sanin cewa wanda ke riƙe da sanda ba lalle ne shi ke da shanun ba. A garke guda akwai na maigida, akwai saniyar sadakin uwargida, akwai waɗanda aka ba yara tun suna goye, akwai ta habbanaye da wani ɗan'uwa ya ba da aro har ta yi haihuwar da aka yi alkawari, akwai kuma na wani Alhajin birni da ya ba da kiwo yana biyan lada. Manomin da aka yi wa ɓarna ba ya ganin wannan duka. Shi dai garke ya gani da yaro a bayansa.

A Nijar, dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce rikicin manomi da makiyayi sai ya fara bi ta kwamitin sulhu, wanda basaraken wurin ke shugabanta, da manoma da makiyaya adadi ɗaya. In an daidaita a rubuta takardar sulhu, in ba a daidaita ba a rubuta ta rashin sulhu, da ita ake wucewa kotu. To, tun a wannan zama na farko ya kamata a tambaya: shanun wa suka shiga gonar? Kod Sibil a aya ta 1385 ya ɗora alhakin ɓarnar dabba a kan mai ita, ko a kan wanda ke amfani da ita a lokacin da take hannunsa, ko da kuɓucewa ta yi. Aya ta 1384 kuma ta ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da ɗan aikinsa ya yi a bakin aiki.

Abin da wannan ke nufi shi ne, idan yaron ɗan kiwon lada ne, a kira mai shanun. Kai manomi, in ka tsaya a kan yaron kaɗai, za ka samu takarda a kan mutumin da bai mallaki ko akuya ba. Kai kuma ɗan kiwo, kada kunya ko tsoro su sa ka sa hannu a kan diyyar da ba ka da ita. Ka ce, "Ranka ya daɗe, shanun nan na wane ne, yana gari kaza, a kira shi." Wannan ba tonon asiri ba ne, gaskiya ce da doka ke nema. Amma saniyar habbanaye, wadda kake shan nononta kake jiran ƴaƴanta, tana hannunka ne don amfaninka, saboda haka ɓarnarta kai za a fara tambaya, ba wanda ya taimake ka da ita ba.

Haka nan ta ɓangaren gonar. Wanda ya shuka ba lalle ne shi ke da ƙasar ba, wataƙila aro ne ko haya ko jingina. In diyyar amfanin gona kawai ake magana, wanda ya shuka shi ne mai ƙara. Amma da zarar makiyayi ya ce, "Ai wurin nan burtali ne, gonar ce ta ci hanya," magana ta canza. Yanzu iyakar ƙasa ake jayayya a kai, dole a nemi mai gonar na asali, a nemi hukumar kula da filaye da ake kira COFO, wadda kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa. Burtali a dokar Nijar dukiyar jama'a ce da gwamnati ke riƙe da ita. Makiyayi guda ba shi da ikon yafe shi, manomi guda ba shi da ikon cinye shi, kuma sulhun da mutum biyu suka yi a kansa ba ya ɗaure sauran al'umma.

In an kama dabbarki a kan bashin wani

Wannan kuma ga iyayenmu mata da masu ba da kiwo. Ana bin maigida bashi, an ci shi a kotu, ma'aikacin kotu ya zo ya kama shanu biyar daga garke, biyu a ciki naki ne na sadaki. Ba da ke aka yi shari'ar ba, saboda haka hukuncin bai hau dukiyarki ba. Amma ba wanda zai san haka in kin yi shiru. A ƙasashen da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, irin su Nijar, Kamaru, Cadi da Benin, mai kayan da aka kama a kan bashin wani yana da ikon zuwa kotu ya nemi a cire kayansa, kuma ya kamata ya yi haka kafin a yi gwanjonsu. In an riga an sayar, sai dai ya bi kuɗin kafin a raba su. A Nijeriya ma akwai irin wannan hanya: ka sanar da ma'aikacin kotu cewa kayan naka ne, kotu ta kira ka da mai bin bashin ta tantance. Ki tanadi shaidun da suka halarci ɗaurin aure, ki tanadi wanda ya san shaidar dabbar. Kada a ce sai maigida ya dawo daga tafiya, domin ranar gwanjo ba ta jiran kowa.

Dillali: shaida ne ko abokin shari'a?

Yanzu sai ƴan kasuwa. Daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Mai'aduwa da Maigatari zuwa ƙasar Damagaram, kusan ba cinikin dabba da ake ƙullawa ba dillali a tsakani. In rigima ta tashi, ina matsayinsa? Ya danganta da abin da ya ɗauka wa kansa. In haɗa ku kawai ya yi ya amshi la'adarsa, shaida ne. In kuwa ya ce, "Ba shi, ni na tsaya masa, in bai biya ba ni zan biya," ya zama mai lamuni, ana iya ƙararsa.

Sai dai a kula da abu biyu a ƙasashen OHADA. Na ɗaya, lamuni ana tabbatar da shi ne da rubutu mai ɗauke da sa hannun mai lamunin da na mai bin bashin, da adadin kuɗin da ya tsaya wa. In mai lamunin bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa nauyin abin da ya ɗauka. Na biyu, dokar ta ce mai bin bashi ba zai yi ƙarar mai lamuni ba sai ya jawo wanda ya ci bashin cikin shari'ar. Ga misalin mutumin da dole ne a kira, doka da kanta ta ambace shi. Saboda haka kada ka ce, "Wancan ya gudu Kano, bari in kama dillalin da ke kusa." Ka sa sunayensu duka biyu, ka ba da adireshin wanda ya tafin iyakar saninka.

In kuma dabbar sata ce ta faɗo hannunka, ka tuna da Alhajin da muka fara da shi. Ranar da sammaci ya iso ka, ranar za ka nemi a kira wanda ya sayar maka, shi ma ya kira wanda ya sayar masa, har igiyar ta kai inda ta tsinke. A kotun Musulunci wannan babi shi ake kira istihƙaƙi. Mai dabbar zai kawo shaidu, ya yi rantsuwa cewa bai sayar ba, bai kyautar ba, ba ta fita daga mallakarsa ta kowace hanya ba. In ya amshi dabbarsa, mai saye ya koma wa mai sayarwa ya amshi kuɗinsa. Duk wannan ya fi sauƙi in kowa yana zaune a zaure ɗaya, rana ɗaya, gaban alƙali ɗaya.

Albasar da ta ruɓe a hanya

Ka yi lodin albasa daga Galmi, mota ta lalace a hanya, direba ya yi kwana shida bai nemo wata ba, kaya suka ruɓe. Wa za ka kai ƙara? Yawancinmu direba muke riƙewa, don shi muka gani. Amma tambayar ita ce: da wa ka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar kayan? In direban albashi yake ci, mai motar ko kamfanin shi ne abokin shari'arka. In ta hannun ɗan kamasho ka bi, ka duba ko shi ya ɗauki nauyin isar da kayan ko haɗa ku kawai ya yi. In kayan suna da inshora, a sanar da kamfanin inshorar tun da wuri.

Abin da ya sa kuskure a nan yake da tsada shi ne lokaci. Dokar OHADA ta 2003 a kan ɗaukar kaya a mota ta ba da shekara 1 kacal a shigar da ƙara, sai in akwai ha'inci ne take kaiwa shekara 3. Kuma kafin ƙara sai ka rubuta wa mai ɗaukar kayan takardar koke cikin kwana 60 da sauke kaya, ko cikin wata 6 da ɗaukarsu in ba a sauke ba sam. Ka ga in ka shafe wata goma sha huɗu kana shari'a da direba, ranar da ka gane mai motar ya kamata ka kira, wataƙila ƙofa ta riga ta rufe. Nijeriya da Gana ba sa cikin OHADA, nasu wa'adin daban ne, amma darasin ɗaya ne.

Ku kula da suna kuma. Kamfanin da aka yi wa rajista mutum ne a idon doka, da sunansa ake ƙararsa, ba da sunan manaja ko ɗan mai shi ba. Ka kwafi sunan yadda yake a kan rasit ko takardar lodi, harafi da harafi, ka rubuta lambar mota.

Gado da haƙƙin jama'a

Wanda kake bi bashi ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ba a ƙarar mamaci, kuma babban ɗa shi kaɗai ba shi ne magada ba. Bashi yana kan dukiyar da aka bari, ana biyansa kafin a raba gado, don haka ka kai maganarka tun ba a raba ba, ka nemi a kira magada ko wakilin da suka naɗa. A Nijar an saba iyali su zauna su naɗa wakilin gado, a rubuta takardar zaman a kai kotu ta tabbatar. Wanda ke riƙe da irin wannan takarda shi ne zai tsaya da sunan kowa.

Rabon gado kansa ba ya yiwuwa sai an lissafa kowane magaji: matar da ke wani gari, ɗan da ya tafi ci-rani Legas ko Libiya, ƴar da ke aure a ƙetaren iyaka, marayan da bai balaga ba wanda waliyyinsa zai tsaya masa. Har cikin da ba a haifa ba, a Malikiyya ana dakatar da rabo sai an haihu. Garken da aka raba aka manta da mutum guda, ranar da ya dawo tsugune ba ta ƙare ba, ga shi kuwa an sayar da wasu shanun, wasu sun haihu, wasu sun mutu.

In kuma haƙƙin na jama'a ne, kamar rijiyar zuri'a ko mashaya, ba sai mutum ɗari sun cika kotu ba. Ku zauna ku naɗa wakili ɗaya ko biyu, a rubuta cewa suna tsaye ne da sunansu da sunan jama'a kaza. Malaman Malikiyya ma sun yi bayani cewa in mutane da yawa suna bin mutum guda haƙƙi ɗaya, ko su wakilta ɗaya ko su zo tare, ba a yarda su riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya suna wahalar da shi ba. Amma ku sani, wanda aka wakilta hukunci ya ɗaure shi, ko an ci ko an faɗi. Saboda haka ku zaɓi mai amana, ba mai baki kawai ba.

In an yi shari'a a bayanka

A Nijar da ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, wanda hukunci ya cutar alhali ba a kira shi ba kuma ba a wakilce shi ba, yana iya komawa kotun da ta yanke hukuncin ya nemi a janye abin da ya shafe shi. Sunan wannan hanya a bakin ma'aikatan kotu shi ne tiyars opozisiyon. A Nijeriya, mai ruwa a cikin magana yana iya neman izinin kotu ya ɗaukaka ƙara ko da ba ya cikin shari'ar tun farko. Sai dai akwai gargaɗi: kotunan Nijeriya da Gana suna da ƙa'idar cewa wanda ya san ana shari'a a kan abin da yake da haƙƙi a ciki, ya naɗe hannu yana kallo wani yana yi masa yaƙi, in aka faɗi ba zai dawo daga baya ya ce a sake ba. In ka ji ana shari'a a kan rijiyar kakanku ko gonar gidanku, tashi ka je ka nemi a sa ka.

Kada kuma a wuce gona da iri

Wani zai ce, to bari in sa kowa da kowa, har mai shayin tasha. A'a. Kowane suna da ka ƙara, sammaci ne da za ka biya, kuma in ba a same shi ba a ɗage zama. Wanda ka jawo ba dalili, alƙali zai sallame shi, yana iya sa ka biya shi kuɗin wahala. In mutumin yana ƙetaren iyaka abin ya fi nauyi: kai sammaci wata ƙasa yana da nasa ƙa'idoji, yana cin watanni, kuma hukuncin kotun wata ƙasa ba ya aiki kai tsaye a wata sai kotun can ta amince da shi. Don haka wanda labari kawai yake da shi, ka kawo shi shaida. Wanda aljihunsa ko haƙƙinsa ke cikin maganar, shi za ka sa a ƙara.

Wannan ne ya sa aikin yake farawa tun ranar ciniki. Ka san cikakken sunan wanda ka yi hulɗa da shi, da garinsu, da mai unguwarsu ko ardonsu, da lambar wayarsa. Ka adana tikitin kasuwa da takardar lodi a leda, kada ruwa ya taɓa su. Mai ba da kiwo da ɗan kiwo su rubuta yawan dabbobi da shaidarsu a gaban mai gari ko ardo. In kana da zaɓi, ka ƙulla ciniki da wanda yake da mai tsaya masa a gefen da kake zaune, kuma a rubuta lamunin.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Abin da muka faɗa hanya ce ta gaba ɗaya, kowace shari'a kuma da irin fuskarta, don haka in magana ta taso ka nemi magatakardan kotu ko lauya ka karanta masa sunayen duk masu hannu a ciki kafin a rubuta ƙara. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu amsa tambayoyin da kuka aiko a kan yadda ake kai sammaci ga makiyayin da ba ya zaune wuri ɗaya. Allah Ya kiyaye dukiyoyinmu, Ya ba mu zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi, Ya raba mu da ranar da za mu tsaya gaban alƙali ba da hujja ba.